Bajon Ɗanzomo da Akwatin Raba Haske

Kwanakin baya wani saurayi ya zo karɓar katin ɗaurin aurensa a shagona, nan Gumel. Ya tsaya yana kallon ɗana Nasiru yana danna kwamfuta, ya ce, "Kai, ku kam kun huta. Danna maɓalli kawai, takarda ta fito." Na ce masa, "Gaskiyarka, ango. Shi ma tuwo ai murfin kwano kawai ake ɗagawa a gan shi." Ya yi dariya ya tafi, bai ma san da shi nake ba. To, tunda haka ku yaran yanzu kuka ɗauki abin, ku zauna in ba ku labari.

Sunana Isyaku, amma in ka shigo gari ka ce Isyaku sai an tambaye ka wanne. Ka ce Mai Kala, ɗan acaɓa zai sauke ka a ƙofar nan. Katin biki, kalanda, rasit, bajon makaranta, tambarin buhun riɗi, babu wanda ban buga ba. Amma ba da inji aka san ni ba. Da wancan teburin aka san ni, mai gilashi a kai, da gwangwanayen tawada a jere, da 'yar wuƙar nan mai taushi da ake haɗa kala da ita. Mutum ya kawo mini ƙyalle ya ce ga launin da yake so, in duba sau ɗaya in haɗa, a ɗora su kusa da juna ba ka ce ga na asali ba. Abin da na iya ke nan a duniya, da shi na ci, da shi na ciyar.

A Kano na koya, wurin Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Shekarar farko tawadar da na taɓa ita ce wadda nake wankewa. Kananzir da tsumma, ka yini kana wanke sikirin, wato ƙyallen da ake ɗaurewa a firam ɗin katako a tura tawada ta cikinsa, har hannunka ya tsattsage. Daga nan a ba ka jera haruffan dalma, a baibai kuma, ka kuskure harafi ɗaya a sunan uban amarya ka ga tashin hankali. Wuƙar kala kuwa, ko kallonta ka cika yi sai Malam ya ce, "Kai ɗan Gumel, budurwarka ce?"

Shi ya koya mini kowace kala da halinta. Baƙi mai haƙuri ne, duk yadda ka yi da shi zai rufa maka asiri. Rawaya ba ta son ƙazanta, in wuƙarka ba ta fita tas ba ta koma ruwan ƙasa. Shunayya kuwa, wadda wasu ke kira ruwan malmo, ita ce fitinanniya. Ja ne da shuɗi da ɗan fari, amma ɗigo ɗaya ya wuce, ta yi yaji ta koma gidan ɗaya daga cikin iyayenta.

Da girma ya kama Malam, shunayyarsa ta fara gudu wajen shuɗi. Duk mun gani, amma wa yake da bakin faɗa masa? Yana fama da gwiwa, don haka yakan riga mu fita masallaci da Azahar. Yana shan kwana sai in lakato ja da bakin wuƙa, in juya, in mayar da wuƙar daidai yadda ya ajiye ta. Har ya koma ga Allah bai sani ba. Mu a lokacin dariya ma abin yake ba mu, ƙuruciya dangin hauka.

Da na dawo gida na buɗe nawa, aiki mai tsoka na farko da na samu buhunan riɗi ne na wani ɗan kasuwa a Maigatari. Kore yake so, amma ba kowane kore ba. Ya fita waje ya tsinko ganyen darbejiya ya miƙo mini, ya ce wannan. Na haɗa a gilashi ya yi daidai, na buga a buhu ya fito da duhu, don buhu ba takarda ba ne, kowanne da yadda yake karɓar tawada. Sai da na ɓata buhuna da dama kafin na gane sai an haɗa da haske fiye da abin da ake so. Wannan koren shi ya ƙetara da sunana. Mutanen Damagaram suka riƙa biyowa ranar Alhamis in sun ci kasuwar Maigatari, wannan katin suna, wancan bajon lakwal, kamar yadda suke kiran makaranta.

Zamani ya juya, kwamfuta ta zo, Nasiru, ɗana na uku, ya koye ta. Ban hana ba. Shi da kwamfutarsa, ni da teburina, abin da ake ja da sikirin ni nake haɗa kalarsa shi ya buga. Abu ɗaya ne ya dame ni a 'yan shekarun nan: tawadar yanzu ba ta da amana. Sai in haɗa shunayya da hantsi, tsaf, in tafi salla, a buga, in ta bushe in ga ta yi ja-ja. Har mai sayar mana na canja. Masu kawo aiki dai ba su taɓa ƙorafi ba, na ce to, su ba su da ido.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mummunar shekararmu. Mutanen ƙetare suka ɗauke ƙafa, masu riɗi suka rage buhu, wata rana mu buɗe mu rufe ba wanda ya yi mana sallama sai mai goro. A cikin wannan hali Malam Hudu, shugaban wata Islamiyya a Ɗanzomo, ya kawo aikin bajo na 'yan matan da za su yi saukar Alƙur'ani. Ya zo da guntun yadin hijabinsu, shunayya, ya ce rubutun bajon ya zama launi ɗaya da shi. Ranar Alhamis ce, Nasiru ya tafi Maigatari kai wa wani rasit. Na ce me zan jira? Na haɗa, na ja sikirin da hannuna, na shanya. Wallahi na daɗe ban ga shunayyar da ta kwanta mini a rai kamar wannan ba. Ta bushe kuma ba ta motsa ba.

Ba a jima ba sai ga Malam Hudu ya dawo da leda a hannu. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana gaisuwa, har da tambayar mutanen da bai sani ba. Sannan ya ce, "Baba, Allah ya ba ku haƙuri, ina jin an yi musanya ne. Namu shunayya ne, wannan kuwa shuɗi."

Na ce, "Shuɗi? Malam, duba da kyau."

Ya ce, "Na duba, Baba. Iyayen yara ma sun duba."

Na juya wajen Nasiru na ce, "Kai, wane launi ne wannan?" Ya sunkuyar da kai yana daidaita takardun da ba su karkace ba. Ya ce, "Baba, a bari in sake masa, walima ta matso."

Ya sake, aka yi walima lafiya. Amma Gumel ba Kano ba ce, magana ba ta kwana a ɗaki. Aka fara cewa idon Mai Kala ya tafi. Wani ya shigo a gabana yana raɗa wa Nasiru wai shi yake so ya haɗa masa. Shi kansa Nasiru wata rana ya lallaɓo ya ce, "Baba, da ka huta da teburin nan, ka riƙa duba mana yanka da ɗinkin littafi." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ranar da na bar teburin nan, to sai dai in ɗaukata aka yi. Na zari bajo ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su, na kafe shi da ƙusa a bango cikin samfuran ayyukanmu, duk mai ido ya zo ya gani. Na tsaya a kan magana biyu: bajon daidai yake, in ma ba daidai yake ba, laifin ƙwan fitila ne. Don ba a daɗe ba Nasiru ya sa mana sola da fararen ƙwayayen nan masu haske irin na asibiti.

Ana nan sai ga Malama Rabi, mai koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, ta zo da takarda mai zane da wani ɗan baƙin abu na roba. Ta ce tana so kowace ɗaliba a ajinta ta haɗa wa kanta abin da ke raba haske ya nuna launukan da ke cikinsa, kamar bakan gizo. Ta faɗi sunansa da Turanci ya fi ƙarfin bakina, na sa masa akwatin raba haske. Robar nan, in ji ta, buga ta aka yi a Kano, da wani inji da yake narka zaren roba yana ɗora shi layi kan layi har abu ya tashi tsaye. Na juya ta a hannu, ga layukan kuwa ana jinsu da farce. Na ce, "Wannan ma bugu ake ce masa? Allah mai iko." Robar ce ke riƙe reza da guntun faifan sidi a wurin da ya kamata. Amma guda ɗaya aka yi mata, ba za ta ishi aji ba, shi ya sa take so in buga irinta a kwali, a yanka a naɗe.

Na ce, "Malama, abin nan zai nuna abin da ke cikin ƙwan fitila?"

Ta ce, "Ai shi ne ma aikinsa, Baba."

Na ce, "Ajiye. Ko ba wanda zai taya ni zan yi shi." Na kuma zayyana mata labarin bajo tun daga farko, ba ta tambaya ba ma.

To, ku masu cewa danna maɓalli, ku saurara. Akwatin tsawon tafin hannu ne da ɗan ɗori, kuma cikinsa sai ya zama baƙi ƙirin. Na farko da na yi, baƙin tawada mai sheƙi na shafa, haske ya riƙa yawo a ciki, launuka suka dushe. Sai na koma baƙi marar ƙyalli. Layin naɗi kuma ba a yanka shi, da bayan wuƙa ake danne shi. Ka yanka ko kaɗan, haske ya sato ta nan ya ɓata komai.

A gefe ɗaya ake yin tsagar da haske zai shiga. Reza ake karyawa biyu, a haɗa baki da baki, a sa takarda ɗaya a tsakani, a manne da gam, in ya kama a zare takardar. Tsagar ta yi faɗi, launuka su cakuɗe. Ta matse, ba ka ga komai. A ɗaya gefen, inda ake kafa ido, nan faifai yake zama. Tsofaffin faya-fayai na samo wurin wani mai kaset da ya rufe shago. A karce gefe, a liƙa salatif, a fizge, azurfar ta biyo shi a bar roba garau. A jikin robar nan akwai wasu layuka ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke raba hasken. In za ka yanka ta da almakashi sai ka fara tsoma ta a ruwan zafi, in ba haka ba sai ta dare. Layukan kuma sai sun tsaya tsaye kamar yadda tsagar ta tsaya. Na kwantar da ɗaya, launuka suka gudu rufin akwati, na yi ta nemansu a gefe. Yatsa kuwa kada ya kuskura ya taɓa tsakiya.

Malama tana so ɗalibai su riƙa faɗin inda kowane launi ya sauka. Don haka muka buɗe 'yar taga kusa da tsagar, muka liƙa takarda shara-shara mai layuka, ɗaya zuwa goma, in ka leƙa sai ka ga launukan sun kwanta a kanta. Ni na buga layukan, ni na jera kwalayen na yanka su gaba ɗaya a ƙarƙashin wuƙa guda. Babu akwatin da ya bambanta da ɗan'uwansa ko da gashi ɗaya. Wannan kam na yi alfahari da shi, na kuma faɗa a gaban kowa.

Ranar da ta zo karɓa na ce a fara da ƙwan Nasiru. Na kafa ido. Shuɗi a ware shi kaɗai, sai wani giɓi mai duhu, sannan kore da rawaya, sai ja da ya gaji a hanya. Na ɗauko tsohon ƙwai mai waya a ciki da na ɓoye a durowa, aka kunna. Launuka a jere, babu giɓi. Na ce, "Alhamdu lillahi! Nasiru, zo ka ga aikin ƙwanka!" Malama ta leƙa, ta ce gaskiya ne, hasken ƙwan Nasiru bai cika ba. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Baba, shuɗi ne ya yi yawa a cikinsa. Wanda ya haɗa kala a ƙarƙashinsa rage shuɗi zai yi, ba ƙarawa ba." Na yi kamar ban ji ba.

Muka fito waje. Ta gargaɗe mu ba a kallon rana da shi, sai sararin sama, nesa da ita. Ta ce kowa ya faɗi layin da launi ya ƙare, ta ga ko akwatunan sun dace da juna.

Nasiru ya ce, "Tara."

Ita ma ta leƙa nata ta ce tara. Mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya bar tukunyarsa ya zo ganin ƙwaf, aka ba shi ɗaya, ya ce, "Kai! Bakan gizo a kwali! Tara ne, har ya ɗan gota."

Na leƙa nawa. Ja a ɗaya, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi ya kai bakwai. Daga nan duhu. Na ce wannan akwatin ya karkace, na karɓi na Nasiru. Bakwai. Na karɓi na mai shayi. Bakwai. Na koma ciki na zaro wasu daga ƙasan katan, duk bakwai. Na duba hagu na duba dama, babu wanda zan ɗora wa. Ni na buga, ni na yanka, ni kuma na gama cika baki cewa duk ɗaya suke.

Na ce, "Tsakanin bakwai da tara, me kuke gani?"

Malama ta sassauta murya ta ce, "Shunayya, Baba."

Na ce, "To." Kunya na ji, tsoro kuma ya biyo baya. Na taya ta ɗaure katan ɗin a bayan babur, na ce ta gaida ɗalibai.

Daga ranar ban sake taɓa wuƙar kala ba, ban kuma ce na bari ba. Tana nan a kan gilashi ba mai ɗauka a gabana. Daga baya na ce wa Nasiru ya kai ni a duba mini ido. Likita ya ce yanar ido ce. Ya ce ƙwayar ido ce take yin rawaya a hankali, shekara da shekaru, kamar tsohuwar takarda, tana shanye shuɗi da shunayya, mai ita bai sani ba. Shi ya sa in ya zo haɗa kala sai ya yi ta ƙara shuɗi. Aka yi wa idon dama aiki, aka ce na hagu sai an kwana biyu.

Ranar da aka yarda in koma shago, da hantsi na shiga, ban zauna ba na wuce gaban bango. Na rufe idon dama da tafin hannu, bajon nan shunayya ne mai kyau, kamar ranar da na buga shi. Na rufe na hagu. Shuɗi! Shuɗi kamar bular wanki. Ashe Malam Hudu kara ya yi mini da ya ce musanya.

Sai idon ya bi sauran samfuran da ke bangon. Kalandar bara, ta bara waccan, katin wani biki a Gagarawa, bajon wata makaranta a Sule Tankarkar, duk waɗanda na yi ta zagin tawadarsu ina cewa ta yi ja. Da sabon ido kowanne daidai yake, shunayya tsaf, ko Malam Ɗanjuma yana ganiyarsa ba zai kushe ba. Likita kuma cewa ya yi shekara da shekaru. To in haka ne, yaya aka yi aiki ɗaya tak ya ɓaci, shi ma na ranar Alhamis da ba kowa a shago sai ni?

Na ce, "Nasiru."

Ya ce, "Na'am, Baba."

"Tun yaushe?"

Bai tambaye ni tun yaushe me ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Tun kafin a sa sola. Tun kalandar can ta sama."

"Da wane lokaci?"

"In ka fita Azahar, Baba."

"Wuƙar fa?"

"Ina mayar da ita yadda ka ajiye."

Ban taɓa ba shi labarin Malam Ɗanjuma ba, ko sau ɗaya. Na zauna a kan benci na yi wa tsohon addu'a. Sai a ranar na tambayi kaina ko da gaske bai sani ba, ko kuwa shi ma ya gane ya ƙyale mu.

Muna nan har ladan ya kira salla. Na tashi na ɗauki wuƙar daga kan gilashi, na goge ta da tsumma, na miƙa masa ta wajen ƙota.

Ya ce, "Baba, ai yanzu ido ya dawo."

Na ce, "Ɗaya ne ya dawo. Karɓi. Daga yau ba sai ka jira na tafi masallaci ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Muka ja ƙofa muka tafi salla tare.